Komin biyu, kogi ɗaya: yadda za ku sa magadan gari su daina tsere a kan abincinku

Wannan bayani na masu lambu ne, da masunta, da makiyaya, da matan da ke banda, da duk wanda abincinsa ke fitowa daga kogi ko daji ko fadamar da ta ratsa iyakar komin biyu, wato ƙananan hukumomi biyu na Kamaru. Na daɗe ina yankan tikiti a kasuwa da bakin kogi a wata ƙaramar hukuma da ke kusa da Garwa, yanzu kuma ni ke riƙe da littafin ƙungiyar manoman albasa ta garinmu. Na ga kuɗin da ke shiga akwatin meri, wato ofishin magajin gari, na kuma ga abin da ke salwanta a bakin ruwa kafin kuɗin ya shiga. Magajin gari ɗaya ba zai iya kare abin da yake tarayya da maƙwabcinsa a kai ba, ko da kuwa mutumin kirki ne mai tsoron Allah. Saboda haka kada ku ƙarar da ƙarfinku wajen roƙon ɗaya. Biyun za ku kama, a lokaci guda, da takarda ɗaya.

Sai kun san abin da ke tura su kafin ku san inda za ku tare su. Kamaru na da komin 360. Tun dokokin 2004, har zuwa babbar dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019, gwamnati na ta sauke musu ayyuka: kasuwa, rijiyar burtsatse, azuzuwan firamare, ɗakin shan magani, hanyar karkara, kwashe shara. Aiki ya sauko da yawa, kuɗin da ke biyo shi kuwa ba ya isa, kuma yakan makara. Sai magajin gari ya waiwayi abin da ke kusa da hannunsa, wato kuɗin rumfa, tikitin dabbobi, kuɗin mayanka, harajin motar da ta ɗauko yashi ko tsakuwa. Wa'adinsa shekara 5 ne. Kiryar da aka sare yau aka yi gawayi da ita kuwa, ko wa'adi uku suka wuce ba ta koma yadda take ba. Abin da zai nuna wa jama'a ranar zaɓe gini ne da ake gani, ba ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba.

Daga nan tseren ke farawa. Komin ta gabas ta rage kuɗin tifa don direbobi su dawo wajenta, ta yamma ta ji labari ita ma ta rage, ta kuma ƙara da cewa ba ruwanta da inda aka haƙa. Wannan ya hana taru mai ƙananan ido, wancan ya kau da kai don masunta su kawo kifinsu kasuwarsa. Juji kuwa da magudanar mayanka, ku lura da kyau, sau da yawa a bakin iyaka ake ajiye su, ta wajen da ruwa ke gangarawa ƙasar maƙwabci. A ƙarshen shekara kowa zai ce kuɗin shiga ya ƙaru. Amma wanda ya sayar da irin shukarsa shi ma aljihunsa ya cika a ranar.

Ba a nan kaɗai ake wannan ba. A ƙasar Sin an daɗe ana ƙara wa shugabannin larduna da gundumomi girma bisa yadda tattalin arzikin yankinsu ya bunƙasa, sai masu bincike suka gano cewa masana'antu masu gurɓata ruwa sun fi taruwa kusa da iyaka, inda kogi ke shirin ficewa daga lardin. Masana na da wani ma'auni da suke amfani da shi a kan irin wannan: a duba abin da aka samu daga ƙasa da ƙwadago da jarin da aka zuba, sannan a cire ɓarnar da aka yi wa ruwa da iska da ƙasa, abin da ya rage shi ne arzikin gaskiya. Wannan lissafin za ku yi, daidai ƙarfinku, da biro da littafin makaranta.

Ku fara da abu ɗaya tak

Kada ku ce za ku gyara yashi da daji da kifi da burtali gaba ɗaya. Ku zaɓi wanda ya fi ci muku tuwo a ƙwarya, wanda kuma mutanen ɗaya komin ɗin su ma yake damunsu. Mu yashi muka zaɓa, don haka da shi zan fi yin misali.

Da rani za ku fita, wajen watan Maris, lokacin da mayo, wato kogin, ya bushe ƙurmus. Ku bi cikinsa da ƙafa tun daga inda ya shigo ƙasarku har inda ya fita, ku tsallaka iyakar ku ci gaba. Ku ɗauki dattijo ɗaya da ya san wurin tun yana yaro. Mai kallo daga kan gada yashi kawai yake gani, amma mai lambu ya san cewa yashin nan shi ne randar da ke ajiye ruwan damina. Ruwan na kwance cikinsa, yana tsatsafowa a hankali zuwa rijiyoyin da ke gaɓa. In an kwashe yashin har aka taɓo laka, ruwan ya rasa wurin zama. Za ku ga alamun da idonku: sawun tayar tifa ya yi kwari har gwiwa, gaɓa ta tsaya a miƙe kamar an yanka, saiwar mangwaro na reto a fili, rijiyar da da ake ɗiba da igiya kamu huɗu yanzu an ƙulla mata wata. Ku saurari injin ban ruwa ma. In yana shaƙewa yana tofar da iska tun kafin azahar, mai shi ya riga ya fara biyan kuɗin yashin da bai sayar ba.

Duk abin da kuka gani ku auna shi ta hanyar da za a iya maimaitawa baɗi. Ku zaɓi rijiyoyi biyar ko shida, wasu a komin ɗinku wasu a ta maƙwabta. Ku sami igiya ɗaya ku yi mata ƙulli a kowace mita, ku ajiye ta don wannan aiki kaɗai. A auna da asuba kafin a tada inji, a mako guda na kowace shekara. Hoton gaɓa kuma a ɗauke shi da waya daga gindin bishiya ɗaya. Masunta su ƙirga karfasa nawa ke cika daro ɗaya, domin in adadin na ƙaruwa to kifin ne ke ƙanƙancewa. Mata su faɗi ƙarfe nawa suke fita neman itace, ƙarfe nawa suke dawowa. Wannan ba aikin mai digiri ba ne, amma yana son mutum mai amana wanda ba zai ƙara gishiri ba. Lamba ɗaya ta ƙarya in aka kama ku da ita, duk littafin ya mutu.

Shafin shiga da shafin asara

Yanzu ku buɗe littafin gida biyu. A dama ku rubuta abin da komin ta samu daga wannan abu a shekara. Ba sai kun yi hasashe ba. Doka ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman ganin kasafin kuɗi, da lissafin ƙarshen shekara, da rahoton zaman majalisa, har ya yi kwafi da kuɗinsa. Ku rubuta takardar neman a hukumance, ku kai sakatariyar meri, ku karɓi shaidar an karɓa da hatimi. Ku yi haka a komin biyun. Wataƙila a ce ku dawo gobe, goben ma a ce jibi. Ku yi ta komawa cikin ladabi, ko ku nemi kansilan unguwarku ya karɓo muku, shi ai takardun na zuwa hannunsa.

A hagu ku rubuta asara, da kuɗi in zai yiwu: man fetur ɗin da aka ƙara sha don jawo ruwa daga nesa, kuɗin yasar rijiya, kadadar albasar da aka bari ta ƙone, gonar da gaɓa ta zaftare, gyaran hanyar da manyan motoci suka farfasa. Wannan na ƙarshen ku ja masa layi, domin daga aljihun meri yake fita, kuma shi ne zai fara taɓa zuciyar magajin gari.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan shafin hagu shi ne mun riga mun ga abin da rashinsa ya jawo, a nan arewacin ƙasarmu. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafar kamfanin SEMRY, aka kuma yi jinga a gaɓar Logon. An samu shinkafa. Sai dai ambaliyar da ke shayar da fadamun Waza-Logon kowace shekara ta ragu ƙwarai, ga fari a kai, ciyawar makiyaya ta lalace, kifi ya ja baya, namun dajin Waza ma suka ji a jikinsu. Sai a 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa don a mayar wa wani ɓangaren fadamar da ambaliyarta. Wannan aikin gwamnatin tsakiya ne, ba na komin ba, amma ciwon iri ɗaya ne: an ƙirga buhun shinkafa, ba a ƙirga nono da kifin da aka rasa a ƙasa ba.

Ku tsallaka iyaka kafin ku shiga ofis

Nan mutane da yawa ke yin gaggawa. Suna gama lissafi sai su wuce meri. Ku dakata. Ku fara zuwa wajen takwarorinku na ɗaya komin ɗin, masu lambu wajen masu lambu, masunta wajen masunta. Ku je a matsayin baƙi, da goro, ta hannun jauro ko lawanin garin, kuma a sanar da fadar lamiɗo. Sau da yawa ƙasar lamiɗo ɗaya ta haɗa garuruwan da takardar gwamnati ta raba, kuma maganarsa na shiga inda takarda ba ta shiga.

Ku kuma jawo waɗanda ake gani su ne masu ɓarnar. Samarin da ke loda yashi da shebur, da masu ƙona gawayi a daji, da direbobin tifa, duk 'ya'yanmu ne masu neman na tuwo. In kun zo musu da maganar hani, sun zama abokan gaba tun ranar farko, kuma su ne magajin gari zai nuna ya ce ba zai kashe wa talakawa sana'a ba. Ku tambaye su inda yashi ke taruwa da kansa bayan kowace damina, inda ɗiba ba ta cutar da kowa. Sun fi ku sanin wannan. Matan banda da masu tallar itace kuma a zauna da su daban, domin a taron maza ba za su faɗi rabin abin da suka sani ba.

Ba na son tsoratar da kowa, amma abin da ya faru a Logon-Birni a 2021 bai kamata ya fita daga ranmu ba. Rikici a kan ruwa tsakanin masunta da manoma Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa ya ɓarke a watan Agusta, ya sake tashi a Disamba har ya kai Kusiri, aka rasa rayuka, dubun dubatar mutane suka tsallaka Chadi. Ruwa in ya yi ƙaranci kuma babu ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, mutane kan koma ga ƙabila. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa tawagarku dole ta haɗa kowane yare da kowace sana'a da ke shan wannan ruwa.

Yadda za ku yi wa magajin gari magana

Kada ku shiga da zargi, kada kuma ku shiga da wa'azin muhalli. Ya sha jin sa a tarurruka. Ku ba dattijonku dama ya buɗe magana, sannan mai littafi ya ɗora. Abin da muka ce wa namu bai wuce wannan ba: "Ranka ya daɗe, ba mu zo mu rage maka kuɗin shiga ba. Ga abin da tifa ke kawo maka, ga abin da gyaran hanyarta ke ci, ga kuma tikitin buhunan albasar da za ka rasa in rijiyoyin nan suka ƙafe." Amsar da za ku ji kusan kullum ɗaya ce, kuma gaskiya ce: in na tsaurara, motocin za su koma wajen maƙwabcina, ni in rasa kuɗin, kogin kuma bai tsira ba.

Kada ku musa masa. An ga haka ƙarara lokacin da gwamnatin Chadi ta hana gawayi a Njamena a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009. Buƙatar girki ba ta mutu ba, mutane suka sha wahala, masu fasa-ƙwauri kuma suka juya ga tsallaken kogi ta wajen Kamaru. Hani a gefe ɗaya kan tura ɓarnar gefe na biyu ne kawai. Don haka amsarku ita ce ku zaro takardar da mutanen ɗaya komin ɗin suka sa wa hannu, ku ce masa a wannan makon su ma suna gaban nasu magajin garin da wannan buƙata. Babu wanda ake nema ya fara shi kaɗai.

Wajen haɗa su a zaure ɗaya, ku bi ta hannun sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankinku, in kuma abin ya kai, ferefe da ke sama da shi, tunda shi ke sa ido a kan ayyukan komin a madadin gwamnati. In jam'iyyunsu daban ne, wannan matakin ya zama wajibi, don kada ɗaya ya ga kamar ya je gaishe da ɗaya. Ku tuna kuma ikon komin na da iyaka. Ma'aikatar ma'adinai na da hannu a harkar haƙa, sare itace na ma'aikatar gandun daji ne, kifi da dabbobi na ma'aikatar kiwo. Wakilansu na yankin su zauna a taron, in ba haka ba za ku rubuta abin da doka ba ta ba magajin gari ikon zartarwa ba. In maganar burtali ce da gonaki, akwai kwamitin da dokar 1978 ta kafa, wanda sufurefe ke shugabanta, shi ke shata wurin noma da wurin kiwo.

Abin da za a rubuta

Takardar ta zama gajera, wadda za a iya karanta wa jama'a a kasuwa da Fulatanci da Hausa cikin ɗan lokaci. Kuɗin tikiti ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, wannan shi ne ginshiƙin, domin shi ke kashe tseren ragi. Wuraren da aka yarda a ɗiba da waɗanda aka hana a ambace su da sunayen da mutane suka sani, a kafa alama, a kuma faɗi tazarar da za a bari daga gaɓa, daga rijiya, daga ƙafar gada. Lokacin hutu ya zama ɗaya. Masuntan Lagdo sun san wannan, tunda akan rufe kamun kifi a tafkin na wasu watanni da damina don kifi ya hayayyafa, kuma sun san cewa rufewar ba ta da amfani in wani lungu na ci gaba da zuba taru da dare.

Sai wani kaso na kuɗin tikitin da za a keɓe don mayar wa wurin abin da aka ɗauka: dashen itatuwa a gaɓa, jera duwatsu inda ruwa ke ci, gyaran mashaya. A rubuta kason ƙarara, kada a ce "gwargwadon hali". Sa ido kuma a yi shi a gicciye, mutanen gabas su riƙa duba yamma, na yamma su duba gabas. Na yi aikin tikiti, na san nauyin da ke kan mutum in wanda zai ci tara surukinsa ne ko maƙwabcinsa na masallaci.

In komin ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, akwai batun adalci da ba za a tsallake ba. Ta sama ce za ta haƙura da kuɗi, ta ƙasa ce za ta sha ruwan. A Sin an warware irin wannan a kogin Xin'an, tsakanin lardin Anhui da ke sama da Zhejiang da ke ƙasa. A yarjejeniyar farko ta 2012 suka shirya cewa in ruwan da ke tsallaka iyaka ya kai tsabtar da aka amince, Zhejiang za ta ba Anhui yuan, kuɗin Sin, miliyan 100 a shekara, in bai kai ba Anhui ce za ta biya, gwamnatin tsakiya kuma ta ƙara nata kason. Mu ba mu da miliyoyin, amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Komin ta ƙasa na iya ɗaukar nauyin gandun renon itatuwa, ko ta yafe wa manoman sama wani ɓangare na kuɗin rumfa a kasuwarta, muddin igiyar awo ta nuna ruwan rijiya bai ƙara sauka ba.

Alkawarin baki tsakanin magadan gari biyu yakan mutu ranar da ɗaya ya faɗi zaɓe. Ku matsa sai majalisun biyu sun zartar da shi a rubuce. Doka ta ma yarda komin-komin na yanki ɗaya su kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya don aikin da ya shafe su tare, in kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ya amince. Ku kuma sa a shigar da aikin cikin kundin shirin raya komin, domin abin da ba ya cikin kundin da wuya ya sami kuɗi, ko daga FEICOM, asusun da aka kafa tun 1974 don tallafa wa komin, ko daga masu ba da agaji.

Ban ce a kashe gasa ba. Ni ina son ta, in an ɗora ta inda ya dace. Kasuwar shanun da ke da ruwa da inuwa da wurin loda mota, wadda ba a tatsar baƙo a cikinta, ita ce fatake za su zaɓa, kuma maƙwabciyarta dole ta gyara tata. A yi tsere a kan wannan, a kan rumbun ajiyar albasa mai iska da zai hana ta ruɓewa kafin farashi ya tashi, a kan murhun banda mai cin itace kaɗan, a kan yawan dashen da ya rayu bayan rani biyu, ba yawan wanda aka dasa ranar biki ba. Duk shekara ku rubuta sakamakon awonku na komin biyun a allo ɗaya, ku kafa a kasuwannin biyu, ku tura hotonsa a WhatsApp. Magajin garin da ya ga sunan komin ɗinsa a ƙasa zai motsa.

Ku kula da lokaci. Shekarar kuɗi ta komin daga Janairu take farawa, majalisa kuma a ƙarshen shekara take zama kan kasafin da ke tafe, nan ne ake tsayar da kuɗin tikiti. In kun yi awo a Maris, ku yi ziyarce-ziyarce kafin shuka, ku ga magadan gari cikin damina, takardarku ta kasance a hannun kansiloli kafin kaka ta ƙare. Ranar zaman ku je ku zauna a kujerun baya, tunda zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, kuma a ga fuskokin mutanen ɓangarorin biyu tare. Ku faɗa wa kansiloli tun da wuri cewa a shekarar farko wasu motocin za su gudu komin ta uku, kuɗi zai ɗan ragu, don kada abin ya zo musu ba zato su janye. Wannan komin ta ukun ita ce za ku aika wa goro da rani mai zuwa, da igiyar awo da littafin shekara guda a hannunku.